Yadda ake ƙara katin HBA da katin netwok a gungun sabobi ba tare da an tsayar da aiki ba

Saka kati a cikin saba ba ya cin minti goma. A ɗaga murfi, a zaro raiza (ƙaramin allon da ramukan kati suke jikinsa), a danna kati, a mayar. Wahalar tana ga cewa sabar ba ita kaɗai take ba. Tana cikin gungu, tana da ƙuri'a, tana riƙe da kaso ɗaya na bayanan jama'a, kuma sauran 'yan'uwanta suna gane ta ne da sunaye da adireshin da sabon kati zai iya birkitawa. Saboda haka yawancin abin da zan faɗa a nan yana faruwa ne kafin a taɓa sukurdireba da kuma bayan an ajiye ta.

Misalin da za mu bi shi ne wanda ake yawan samu a ƙananan ɗakunan saba: Dell PowerEdge R730 guda 3, suna tafiya da Proxmox VE, manhajar da ke tafiyar da kwamfutocin ƙirƙira (VM), bayanai kuma suna kan Ceph, tsarin da ke raba ajiya a kan faifan sabobin, da kwafi 3. Mu kira su pve1, pve2 da pve3. Muna son ƙara musu katin netwok mai gigabit 10, da katin HBA na faifai. Wanda ke aiki da VMware ko Windows Server zai ga umarnin sun bambanta, amma jerin matakan ɗaya ne.

Da farko, wane kati kake bukata?

Katin faifai iri biyu ne, kuma a ido kusan kamarsu ɗaya. Katin RAID, irin su PERC H730, yana tattara faifai ya nuna wa manhaja faifai guda na ƙirƙira, yana da ma'ajiyar wucin gadi da batiri. Katin HBA kuwa ɗan aike ne kawai: yana miƙa kowane faifai ga manhaja yadda yake, da lambarsa da bayanan lafiyarsa. Ceph da ZFS, da Storage Spaces Direct na Microsoft, duk HBA suke so, don su ne ke kula da kwafi da gyaran kuskure da kansu. Idan katin RAID ya shiga tsakani, yana iya cewa an rubuta abu alhali yana cikin ma'ajiyarsa bai kai faifai ba, kuma yana ɓoye faifan da ya fara rauni har sai ya mutu. Dabarar da wasu ke yi ta mayar da kowane faifai RAID0 shi kaɗai tana tafiya, amma ba ta kawar da ko ɗaya daga waɗannan matsaloli.

Katunan da aka fi sani na LSI ne, kamfanin da Avago ya saya a 2014, yanzu kuma suna ƙarƙashin sunan Broadcom. 9300-8i yana da guntun SAS3008, gudun gigabit 12, PCIe 3.0 mai layi 8, da bakin kebul SFF-8643 guda 2 na cikin akwati. Ɗan'uwansa 9300-8e bakinsa na waje ne, SFF-8644, don haɗa akwatin faifai na daban kamar MD1400. HBA330 na Dell shi ma SAS3008 ne a ciki. Tsohon 9211-8i mai SAS2008 yana da araha, amma gigabit 6 ne kan PCIe 2.0, ga faifai masu juyawa ya isa, ga SSD da yawa zai zama maƙogwaro. Katin SAS yana karɓar faifan SATA, amma katin SATA ba ya karɓar faifan SAS. A tabbatar katin yana yanayin IT, wato HBA zalla, ba IR ba, domin IR ɗin RAID ne mai sauƙi.

Yanzu ga tambayar da dole a amsa kafin a biya kuɗin kati: ina manhajar sabar take zaune? A yawancin R730 da aka saya na hannu, faifai biyu na farko RAID1 ne, wato madubin juna, a kan H730, daga nan Proxmox ke tashi. Duk faifan gaba kuma a allo ɗaya suke, kebul ɗinsu yana zuwa kati ɗaya. Ka cire H730 ka sa HBA330 a gurbinsa, to kada ka sa rai sabar za ta tashi yadda ta saba. Hanyoyi uku ne a gabanka. Ka bar H730 ɗin ya ci gaba da riƙe RAID1 na manhaja, sauran faifan ka juya su zuwa Non-RAID daga menu ɗinsa, wanda sassauci ne da ake iya zama da shi. Ko ka sa HBA330, ka cire sabar daga gungu, ka sake girka Proxmox a kan madubin ZFS, ka dawo da ita a matsayin sabuwar mamba. Ko kuma ka bar cikin akwati yadda yake, ka ƙara 9300-8e da akwatin faifai na waje. A ganina, in dai wuri kake nema ya ƙaru, ta ukun ta fi lafiya. In kuma tsarin RAID0 kake son rabuwa da shi, ta biyun ce mai tsabta, duk da ita ce mai tsawo.

Ramin da za a saka shi

Ba duk ramin da kati ya shiga ne yake aiki ba. A R730, ramuka na 1 zuwa 3 da ke kan raiza ta farko, da rami na 4, duk a jikin furosesa ta biyu suke. Idan sabar furosesa ɗaya gare ta, waɗannan ramuka matattu ne, kati zai zauna daram amma manhaja ba za ta taɓa ganinsa ba. Na 5, 6 da 7 su ne na furosesa ta farko. Ramuka na 1 zuwa 3 gajeru ne, suna bukatar ɗan gajeren ƙarfen baya, sauran kuma dogo. Katin hannu sau da yawa da ƙarfe ɗaya yake zuwa, sai ka tambayi mai sayarwa wanne ne. Kada ka yarda a saka kati ba ƙarfe, nauyin kebul kaɗai zai iya karkatar da shi.

Tsawon rami ma yana ruɗi. Akwai ramin da tsawonsa na layi 16 ne amma layi 8 aka ja masa. Kowane layi na PCIe 3.0 yana ɗaukar kusan megabait 985 a daƙiƙa, wato layi 8 sun kusa gigabait 8 (bait ɗaya bit 8 ne), kuma wannan ya wadatar da HBA ko katin gigabit 10 mai baki biyu. Wannan umarni zai nuna maka ramukan da wanda ke da kati a ciki:

dmidecode -t slot

Duk ramin da ka zaɓa, shi za ka zaɓa a sabobin uku. Kati iri ɗaya, rami ɗaya, manhajar ciki ɗaya. Ranar da matsala ta taso da tsakar dare, wannan daidaito ne zai ba ka damar kwatanta marar lafiya da masu lafiya.

Kebul kuwa a duba bakinsa biyu da tsawonsa. SFF-8087 da SFF-8643 ba sa shiga juna. A ɓangaren netwok, katunan Intel irin su X520 da X710 suna iya ƙin karɓar ƙwayar SFP+ da ba su sani ba. Idan suwic yana cikin rak ɗaya da sabobin, kebul ɗin DAC na tagulla ya fi sauƙin sha'ani da araha.

Gwada katin a waje tukuna

Kada sabar da ke aiki ta zama wurin gwajin kati na farko. Akwai jabun katunan LSI a kasuwa, akwai kuma na gaske da suka gaji. Nemi wata kwamfuta da ba kowa a kanta, ka saka katin, ka sa fanka tana hura shi kai tsaye, domin an ƙera shi ne don iskar cikin saba, a akwatin tebur yana yin zafin da ba ka iya taɓa ƙarfensa. Sannan:

sas3flash -list

Zai nuna lambar manhajar ciki, da ko IT ne ko IR, da adireshin SAS na katin. Rubuta adireshin. In katunan uku sun zo da lambobi daban-daban, daidaita su a nan kan tebur, kuma kwamfutar ta kasance a kan UPS, don ɗaukewar wuta a tsakiyar sabunta manhajar ciki tana iya kashe kati. Katin Dell kuma ta iDRAC, wato na'urar sarrafa saba daga nesa da ke cikinta, ake sabunta shi da fayil ɗin Dell. Haɗa masa faifai ɗaya ko biyu, ka bar su suna karatu da rubutu na wasu awoyi, ka duba dmesg ko direban mpt3sas yana ƙorafin sake tayar da kati.

Rubuta halin da sabar take ciki

Wannan matakin ne mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi ceto. A kan sabar da za ka buɗe, tattara waɗannan cikin fayil, ka kwafe shi zuwa kwamfutarka, don in sabar ta ƙi hawa netwok fayil ɗin da ke cikinta ba zai amfane ka ba:

lspci -nn
ip -br link
lsblk -o NAME,SIZE,MODEL,SERIAL
cat /etc/network/interfaces
ceph osd tree

Ɗauki hoton bayan sabar da waya, ka liƙa wa kowane kebul takarda mai suna.

Dalilin wannan duka shi ne lambobin PCI. Linux yana raɗa wa bakin netwok suna daga wurin da ya same shi. Suna kamar enp4s0f0 yana nufin bas na 4. Idan sabon kati ya shigo, lissafin bas yana iya gusawa, enp4s0f0 ya koma enp5s0f0. Fayil ɗin /etc/network/interfaces yana nan yana neman tsohon suna, gadar vmbr0 da ke haɗa sabar da netwok ta tashi ba ƙafa, corosync, manhajar da sabobin gungu ke magana da juna ta cikinta, bai ga kowa ba. Sabar tana kunne, fitilunta kore, amma a wurin gungu ta ɓace. Sunaye irin eno1 da ens5f0 da sabobin Dell suka fi bayarwa sun fi tsayawa wuri ɗaya, don daga bayanan BIOS suke fitowa, amma ban ga dalilin dogara da sa'a ba tunda ɗaure sunan abu ne mai sauƙi. Ga kowane baki, ƙirƙiri fayil a /etc/systemd/network/, misali 10-enlan0.link:

[Match]
MACAddress=aa:bb:cc:dd:ee:01
Type=ether

[Link]
Name=enlan0

Sa adireshin MAC na gaskiya, ka fara sunan da en don Proxmox ya gane shi a matsayin bakin netwok. Gyara /etc/network/interfaces ya dace da sababbin sunayen, sannan update-initramfs -u -k all. Abin da ya fi kyau shi ne ka sake kunna sabar da wannan gyara kaɗai, bisa matakan fitar da saba daga aiki da ke ƙasa, kafin zuwan kati, ka ga ta dawo lafiya. Idan ka haɗa sauyi biyu a tashi ɗaya kuma abu ya lalace, ba za ka san wanne ne mai laifi ba.

Haka sunayen faifai suke. Abin da yake sdb yau yana iya zama sdf gobe. OSD na Ceph, wato manhajojin da kowace ke kula da faifai ɗaya, ba su damu ba, ta alamar LVM ake gano su. Amma duba /etc/fstab, duk inda ka ga /dev/sd-wani-abu ka mayar da shi UUID. In akwai VM da aka miƙa wa kati kai tsaye ta layin hostpci, adireshin nan ma yana iya gusawa, kuma VM ɗin na iya tashi ya cafke wani kati daban. Kashe masa tashi da kansa har sai ka tabbatar.

Abu na ƙarshe a nan: shiga iDRAC yanzu, ka tabbatar kana da kalmar sirri kuma allon nesa yana buɗewa. In babu lasisin allon nesa, ajiye monita da kibod kusa da rak.

Fitar da sabar daga aiki

Saba ɗaya a lokaci ɗaya. Gungu mai mamba 3 yana bukatar ƙuri'a 2 kafin ya yanke hukunci. Da ka kashe pve1, sauran biyun ba su da rarar ko ɗaya. In pve2 ta yi tuntuɓe a wannan lokaci, pve3 za ta rasa rinjaye, kuma idan tana ɗauke da ayyukan HA, wato VM ɗin da gungu ke tayarwa a wata saba idan tasu ta mutu, mai gadinta (watchdog) zai sake kunna ta da ƙarfi bayan kusan minti ɗaya. Ceph ma haka: da kwafi 3 da mafi ƙaranci 2, rubutu yana ci gaba idan saba ɗaya ta fita, yana tsayawa cak idan ta biyu ta bi ta. Wanda gungunsa mamba 2 ne kawai, ya fara kafa QDevice, mai ba da ƙuri'a ta uku, a wata ƙaramar na'ura ta uku kafin ya kashe komai.

Shi ya sa maganar wuta ta shigo cikin lissafi. Kafin ka fara, ka san batirin UPS yana riƙewa, janareta yana da mai, kuma wanda ke tayar da shi yana nan. Kowace saba tana da gidan wuta biyu, duba cewa ba a layi ɗaya aka soka su ba. Sannan ka tabbatar kwafin ajiyar daren jiya ya kammala, kuma yana wani wuri da ba kan Ceph ɗin nan ba.

Duba lafiyar gungu:

pvecm status
ceph -s

Kana son ganin Quorate: Yes da ƙuri'a 3, da HEALTH_OK. In Ceph yana da wani gargaɗi tun yanzu, aikin yau ya koma gyara wannan gargaɗin.

Kwashe VM zuwa sauran sabobin. Na ƙarƙashin HA za su ƙaura da kansu da wannan:

ha-manager crm-command node-maintenance enable pve1

Waɗanda ba sa cikin HA kai za ka ƙaurar da su da hannu. Yi lissafin RAM tukuna, ka ga ko saba biyu za su ɗauki kayan uku. In ba za su ɗauka ba, zaɓi VM ɗin da za su kwana a kashe, ka sanar da masu su.

Sai ka gaya wa Ceph kada ya ɗauki wannan fita a matsayin mutuwa:

ceph osd set noout

Ba tare da wannan ba, bayan daƙiƙa 600 Ceph zai cire OSD ɗin daga lissafi. A gungu mai saba 3 babu ma inda zai kai kwafi na uku, amma a mai 4 ko 5 zai fara jigilar bayanai masu yawa, ya sake jigilar su idan sabar ta dawo. Ka saba da sa shi ko yaya girman gungun yake. Yanzu kashe sabar ta hanyar manhaja, ka jira ta mutu sarai. Ceph zai koma HEALTH_WARN yana ambaton degraded da undersized, wannan daidai ne.

Aikin hannu

Zare igiyoyin wuta duka biyu, don ko sabar tana kashe akwai wuta a allonta saboda iDRAC. Danna maɓallin kunnawa ka riƙe na daƙiƙa 15 ragowar wutar ta fita. Ja sabar a kan layin dogonta a hankali, idonka na kan kebul ɗin baya.

Ɗaura igiyar hannu mai sauke caji, ka maƙala ta a ƙarfen akwatin. Da hunturu, lokacin da iska ta bushe har mutum ya taɓa ƙofar mota ya ji tartsatsi, wannan ba abin wasa ba ne. Cajin da bai kai ka ji shi ba ma ya isa ya raunata guntu, kuma irin wannan rauni ba ya nuna kansa ranar, sai bayan makonni kati ya riƙa ɓacewa yana dawowa. Riƙe kati ta gefe, kada yatsa ya taɓa haƙoran zinaren.

Ɗaga murfi, ka zaro raizar ta wuraren da aka yi wa shuɗin fenti. Buɗe maƙallin, cire ƙarfen da ya toshe ramin ka adana shi. Daidaita katin, ka danna da yatsu biyu a ƙarshensa biyu har haƙoran su nutse gaba ɗaya. Ɗaga raizar zuwa haske ka duba: in kana ganin zinare a gefe ɗaya fiye da ɗayan, bai zauna ba. Katin da bai zauna sosai ba yakan yi aiki, amma a layi 4 ko 2 maimakon 8, kuma ba abin da zai yi ƙara ya gaya maka. Rufe maƙallin, mayar da raizar har ta zauna daidai.

Kebul na cikin akwati ya bi ta hanyar da aka tanada a gefe, kada ya ratsa gaban fankoki, kada a lanƙwasa shi da ƙarfi. Bakin A na kati zuwa A na allon faifai, B zuwa B, in ba haka ba lambobin gurabe za su juye, ranar canza faifai ka zaro mai lafiya. Tunda murfi a buɗe yake, hure ƙurar da ta taru. Mayar da murfin iska na roba da ke kan RAM, domin shi ke tura iska inda ake bukata. Rufe, tura sabar ciki, mayar da kebul bisa hoton da ka ɗauka. In akwai akwatin faifai na waje, shi ake fara kunnawa, a ba shi minti biyu, sannan sabar.

Tashin farko

Tsaya a gaban allo. Tashin farko yakan daɗe don sabar tana sake ƙirga kayanta. Idan PERC ya ce ya ga Foreign Configuration, dakata ka karanta. Import yana dawo da tsarin da ke kan faifan, Clear yana share shi. Kada ka danna Clear sai ka san faifan da ake magana a kai kuma ka yafe abin da ke ciki. In sabar ta ce ba ta ga abin tashi ba, shiga F2 ka duba jerin tashi, sabon kati yakan shiga gaba.

Da manhaja ta hau, kwatanta da fayil ɗinka. Nemo adireshin katin a lspci, sannan:

lspci -vv -s 04:00.0 | grep -i lnk

Sa adireshin naka a wurin 04:00.0. LnkCap shi ne abin da katin zai iya, LnkSta shi ne abin da ya samu. Ga 9300 kana son ganin 8GT/s da x8 a duka biyun. In LnkSta ya nuna ƙasa da haka, kashe ka sake zaunar da katin ko ka canza rami, yanzu da sabar take a waje. Duba ip -br link ka ga sunaye suna nan, lsblk ka ƙirga faifai, smartctl -a a kan ɗaya daga cikinsu ka ga bayanan lafiya suna fitowa kai tsaye.

Za ka iya jin fankoki sun ɗaga murya sun ƙi sauka. R730 yana yin haka idan ya ga katin da ba na Dell ba, don bai san zafinsa ba, sai ya hura iska da yawa. Akwai saitin da ke kashe wannan ta racadm, kuma mutane da yawa suna kashewa saboda ƙara. Ni ba na ba da shawarar haka ga HBA, balle a ɗakin da na'urar sanyaya ɗaki take mutuwa duk lokacin da aka ɗauke wuta. HBA da ya yi zafi yakan fara yar da faifai ɗaya-ɗaya, kai kuma ka yi ta zargin faifan.

Dawo da ita cikin gungu

pvecm status ya nuna ƙuri'a 3. ceph osd tree ya nuna duk OSD na pve1 sun koma up. Sannan:

ceph osd unset noout
ha-manager crm-command node-maintenance disable pve1

Jira ceph -s ya koma HEALTH_OK, duk PG, wato rukunan da Ceph ke kasa bayanai a ciki, su zama active+clean. Ba a taɓa pve2 kafin wannan, ko da lokacin da aka ba ka ya kusa ƙarewa. Fara mayar da VM marar muhimmanci, ka bar shi ya yi aiki. In hali ya yi, bar saba ta farko ta kwana da sabon katinta kafin ka shiga ta biyu, domin matsalar zafi da ta jabun kati sai an ɗora musu kaya suke bayyana.

Netwok kafin faifai

In katunan biyu za ka ƙara, yi zagaye biyu, kuma netwok ne na farko. Lissafin a fili yake. Layin gigabit 1 yana ɗaukar kusan megabait 110 a daƙiƙa, wato terabait 10 za su ci fiye da awa 24 kafin su koma kan sabar da aka sake ginawa, kuma duk tsawon wannan lokaci kwafi 2 kawai kake da su. Da gigabit 10, faifan ne za su zama iyaka, ba waya ba.

Bayan katin ya shiga sabobin uku, ba su adireshi a sabon rukuni, ka gwada kowace da kowace. In za ka yi amfani da MTU 9000, wato manyan ƙunshin saƙo masu bait 9000, sai an saita shi a suwic da duk sabobin, kuma ga gwajinsa:

ping -M do -s 8972 10.10.10.2

In wannan bai wuce ba alhali ping na kullum yana wucewa, akwai inda MTU bai daidaita ba, kuma Ceph zai riƙa maƙalewa ta hanyar da ke da wuyar ganewa. Idan ya wuce, canza cluster_network a ceph.conf, ka sake tayar da OSD saba bayan saba, tsohon layin yana nan har a gama. Canza public_network ya fi wannan wuya don ya shafi adireshin monitocin Ceph, manhajojin da ke lura da halin gungun, a ware masa rana daban. Corosync kuma a bar shi a nasa layin na gigabit 1. Ba ya bukatar faɗi, jinkiri ne ba ya so, kuma idan ya raba waya da Ceph a lokacin jigilar bayanai, saƙonninsa za su makara har sabobi su ɗauka 'yan'uwansu sun mutu.

Sababbin faifai

Faifan da ya fito daga wani tsari a goge shi tukuna. Tabbatar da lambar jikinsa a lsblk sau biyu, don wannan umarni ba ya tambaya:

ceph-volume lvm zap /dev/sdX --destroy
pveceph osd create /dev/sdX

Ƙara su kaɗan-kaɗan, ka bar Ceph ya daidaita kafin na gaba, kuma a ƙarshe kowace saba ta samu adadi da girma iri ɗaya. A gungu mai saba 3 da kwafi 3, sabar da ta fi ƙarancin wuri ita ke yanke yawan abin da gungun zai ɗauka, don haka tara faifai a saba ɗaya ba ya ƙara komai.

In kuwa daga RAID0 kake ƙaura zuwa HBA, ɗauka cewa duk OSD na wannan saba za a rushe su a sake gina su daga sauran biyun. Wani lokaci faifan RAID0 yakan bayyana a kan HBA da bayanansa, amma ba abin da za a gina shiri a kansa ba ne. Duba ceph osd df kafin ka fara: Ceph yana gargaɗi idan OSD ya kai kashi 85 cikin ɗari, yana hana rubutu a kashi 95. Idan ka fitar da OSD ɗaya alhali sauran na sabar suna aiki, kayansa kan 'yan'uwansa na cikin sabar za su koma, kuma in sun riga sun haura kashi 70 suna iya cikewa. A irin wannan hali gara a rushe na sabar gaba ɗaya a sake gina su tare, a lokacin da masu amfani suka yi ƙaranci, kamar daren Juma'a zuwa Asabar. Tsohon H730 da kebul ɗinsa kuma a sa su a jakar da ke hana caji, a rubuta sunan sabar a jiki, a ajiye kusa har sai saba ta uku ta koma HEALTH_OK.